Ɗiyar Farin Asabe

Lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Goronyo, Turawan kamfanin da ke aikin ba su zo su kaɗai ba. Sun zo da matansu da 'ya'yansu har da karnukansu, suka kewaye wani fili da waya a gefen gulbi, suka jera fararen gidaje, suka kafa makaranta a tsakiya. Makarantar nan ba irin tamu ba ce. Uwarta tana can ƙasarsu, wannan reshe ne kawai. Littattafai daga can ake kawo su, jarrabawa daga can take zuwa cikin jirgi, ko allin da ake rubutu da shi ba na nan ba ne. Akwai ƙananan yara da ba su daina fitsarin kwance ba, akwai manya 'yan sakandare da gemu ya fara tsiro musu, Turawa iri-iri da Indiyawa da Kwarori, duk cikin gini ɗaya mai sanyi kamar cikin randa. Ɗan ƙasa kuwa, in ka gan shi ciki, to tsintsiya ce a hannunsa ko tiren shayi.

Asabe ta Rimawa tsintsiya ce tata.

Ba ita ta nemi aikin ba. Mijinta Halliru lebura ne a wurin dam, tifa ta kife da su a hanyar ɗebo dutse, aka kawo shi gida cikin tabarma. Da ta fita takaba sai kamfani ya aiko a ba matar mamaci shara a makaranta. Abin da ran Halliru ya sayo ke nan. Ta karɓa, don gonarsu ta albasa tana cikin inda aka ce ruwa zai kwanta, ga kuma baki biyu ban da nata: Kaka, uwar Halliru, da yarinya. Suka taso daga Rimawa su uku, suka kama ɗaki a unguwar leburori da ke bayan waya.

Yarinyar ita ce ɗiyar farin Asabe, kuma ita kaɗai Allah ya bar mata. Sunanta Laraba, amma wannan suna bai taɓa fita daga bakin Asabe ba. Kowa ya san yadda uwa take da ɗan fari a wurinmu: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai. Asabe kuwa ta fi kowa riƙe wannan kunya. Ko sunan ranar Laraba ba ta faɗi. In tana lissafin kwanaki sai ta ce Talata, ta ce wanshekare, ta faɗa Alhamis, mata su yi ta dariya. Tun yaye Kaka ta ɗauke yarinya, ita yarinyar take kira Inna, uwarta kuma Asabe, kamar yadda ta ji Kaka tana kiranta.

Sai dai duk macen da ke unguwar nan ta san wa yake zare ƙaya daga tsokar kifi ya tura kwanon wajen Kaka ba tare da ya ce komai ba. Ta san wa yake jin tarin Laraba cikin tarin yara goma ya ajiye muciya. Ba abin ɓoye ba ne ga mai ido. Masu idon ne ba su cikin waya.

Kaka ce ta fara aiken Laraba da fura wajen uwarta da rana. Maigadi ya saba da ita, yana barin ta shiga. In ta ajiye ƙwarya sai ta laɓe gindin tagar ajin ƙanana, tana jin waƙoƙinsu. Kafin a ankara ta haddace su, tana rerawa tana tsalle a kan hanyar fita. Nan shugabar makaranta ta ji ta.

Madam Roza ake kiranta, doguwa, mai furfura tun ba ta tsufa ba, ba ta taɓa haihuwa ba. Ba muguwa ba ce, kuma shi ne abin haushin. Da muguwa ce da an san yadda za a tsaya mata. Ta kira Malama Monica, wata Kirista daga wajen Kagoro da ke taimakon ajin ƙanana kuma take yi mata tafinta, suka iske Asabe tana sharar baranda.

"Madam ta ce, wannan yarinyarki ce?"

Asabe ba ta ɗago ba. "Ɗiyar Kaka ta."

"Haba Asabe. Ke kika haife ta ko ba ke ba?"

"Malama, ke ma kin san wanga zance ba shi da kyau. Ki ce mata ta Kaka ta."

Monica ta yi dariya, ta juya ta yi wa Madam bayani da Turanci, tana nuna Asabe tana nuna yarinya. Madam ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi dariya ba. Ta dubi Asabe wani irin kallo, ta kama hannun Laraba ta shiga da ita aji. Daga ranar Laraba ta zama ɗalibar makarantar Turawa, ita kaɗai ɗiyar talaka a ciki, aka ɗinka mata riga mai ruwan bula irin tasu.

Asabe ta ji daɗi, kada a ce ba ta ji ba. Ita take wanke rigar nan da yamma, ta shanya, ta ninke ta sa ƙarƙashin tabarma don ta miƙe, da safe Kaka ta miƙa wa yarinya. In tana sharar bayan aji ta ji muryar Laraba tana ba da amsa da Turanci, sai ta daɗe a wurin tana share ƙasar da ta riga ta share.

Kan yarinya ya ɗauki karatu, ta wuce 'ya'yan injiniyoyi. Amma ba karatun littafi kaɗai ta ɗauka ba. Kullum da safe tana ganin matan Turawa a bakin ƙofa suna durƙusawa, su rungume 'ya'yansu, su sumbace su a kumatu, su kira sunansu da ƙarfi kowa na ji. Kullum da rana haka. A cikin littattafansu ma haka uwa take, ta ɗora yaro a cinya tana karanta masa labari. Yarinya ta shekara tana kallo, ta sake shekara. Wata rana aka ba ta kyautar lissafi, ta fito da gudu, ta hango Asabe a bakin kicin tare da kuku da mai ban-ruwan furanni, maza biyu manya. Ba ta yi wata-wata ba ta faɗa jikinta ta ƙanƙame ta.

Asabe ta ji kamar an tuɓe mata zane a kasuwa. Ta ture ta.

"Ke! Mi na na haka? Tahi can wurin Innarki!"

Kuku ya yi dariya, ya ce yarinyar nan ta zama Baturiya. Laraba ta tsaya da kyautarta a hannu, ta juya ta tafi. Madam Roza tana tsaye a tagar ofis, ta ga wannan. Abin da ba ta gani ba shi ne Asabe ta zaga bayan tankin ruwa ta zauna a ƙasa, ƙamshin sabulun kan yarinya bai bar zanenta ba, ta kasa tashi har aka buga ƙararrawa.

Haka aka yi ranar da Laraba ta faɗo daga lilo ta karye a hannu. Monica ce ta ɗauke ta, Madam ta kai ta asibitin kamfani cikin motarta, ta zauna gefen gado. Asabe ba ta shiga ba. Madam ta ajiye wannan ma a ranta.

Shekaru suka tafi. Dam ya tsaya, ruwa ya kwanta a kan gonar Halliru da ta wasu, aka fara jan hanyoyin ban-ruwa zuwa fadamun Wurno. Laraba ta shiga ɓangaren sakandare, ta yi tsawo, Turancinta ya fi Hausarta sauri. A wannan shekara Kaka ta kwanta ciwon ƙirji, ba ta tashi ba. Ɗaki ya rage mutum biyu da ba su saba magana da juna kai tsaye ba. Asabe in za ta ce tuwo ya nuna sai ta gaya wa tukunya. Laraba ta ci, ta ɗauki littafinta.

Sai aka ce aiki ya ƙare, kamfani zai kwashe, makaranta za ta koma wajen uwarta a ƙasarsu. Aka fara cusa littattafai cikin kwalaye. Asabe ta ɗauka abin da zai same ta bai wuce rasa tsintsiya ba. Rannan Laraba ba ta dawo da wuri ba, sai gab da magariba, da sabon takalmi a ƙafarta. Ta zauna bakin ƙofa tana kwance igiyarsa, ta ce da iska:

"An kai ni Sakkwato an ɗauke ni hoton fasfo. Baffa Maccido ya yarda in bi Madam."

Maccido wan Halliru ne, shi ne uban yarinya a yanzu. Ashe Madam Roza ta je Rimawa da kanta, ta zauna a tabarmarsa, ta sha furar gidansa har ta ce da daɗi. Ta gaya masa yarinya ba ta da uba, tsohuwar da ke sonta ta rasu, ita za ta riƙe ta ta gama karatu a can. Mutum ya ga Baturiya a zaurensa, maƙwabta suna leƙe, ya ce ya ba ta. Ba wanda ya tuna da mai shara.

Da gari ya waye Asabe ba ta je aiki ba. Ta hau motar albasa zuwa Rimawa, ta shiga gidan ta tsaya bayan zana, don ba ta taɓa tsayawa gaban wan mijinta fuska da fuska ba.

"Yaya, an ce ka ba da yarinyar ga."

"Riƙo na, Asabe. Ni nan wa yar riƙe ni? Ba gwaggona ta Tursa ba? Na lalace?"

"Tursa ana zuwa da ƙahwa. Inda za a kai ta, da mi za ni zuwa?"

"Karatu za ta yi. Ta zan likita, ta dawo ta yi muna allura kyauta."

"An tambaye ni?"

Maccido ya ajiye butar da ke hannunsa. "Tun yaushe aka shawara da uwa bisa ɗiyar hwari? Ke da ko sunanta ba ki hwaɗi, yau ke ka zuwa gidana kina ƙara? Ina kunyar taki? Na ba da magana gaban mutane, ba ni lashe ta."

To ka ji. Kunyar da aka yabe ta a kai shekara da shekaru, ita aka ɗauko aka rufe mata baki da ita.

Ta dawo ba ta bi ta ɗaki ba, ta wuce makaranta, ta kamo hannun Monica a baranda.

"Malama, kai ni wurin Madam. Kuma abin da nic ce dut ki hwaɗa mata, kak ki rage."

Ofis ya cika da kwalaye. Madam Roza ta ba Asabe kujera, Asabe ta ƙi zama. Madam ta yi magana a hankali, Monica tana juyawa zuwa Hausa, tana kallon ƙasa. Ta ce shekara nawa tana lura. Ta ce ta tambayi Asabe ko ɗiyarta ce, Asabe ta ce ba tata ba ce. Ba ta taɓa jin ta kira sunan yarinya ba. Ba ta taɓa zuwa ranar ba da kyauta ba, alhali tana cikin makarantar. Yarinya ta rungume ta, ta ture ta kamar kare. Yarinya ta karye, ba ta leƙa ta ba. Ta ce an sha gaya mata wai al'ada ce, amma ita ba ta san al'adar da za ta hana uwa zuwa gadon ɗanta ba.

Asabe ta saurara. Muryarta da ba a taɓa ji a ginin nan ba sai ga ta ta cika ofis.

"Tambaye ta, ranar da anka kai ta asibiti, ta duba bayan ɗakin? Ta duba gaba, ta ga ba ni nan, shi ke nan. Ni ina gindin taga ta baya, cikin rana, tun hantsi har anka kunna hitila. Ina jin kukanta sad da anka ja hannun. Ita tana ciki tana shan iska, ni ƙasa ta ƙone min ƙahwa. Tambaye ta rigar da taka yabo kullum tsab, aljannu ka wanke ta? Ta shekara nawa garin ga, ta san sunan karen kowane gida cikin wayar ga, ba ta taɓa taka unguwarmu ta ga yadda muke ba. Sun ɗauke miji, sun ɗauke gona, na yi shiru. Wagga ba tasu ba ta."

Monica ta juya duk zuwa Turanci. Madam Roza ta yi ja, ta cire tabarau ta goge. Sannan ta ce ita ba ɓarauniyar yara ba ce. Gobe baffan yarinya zai zo da dattawa a yi sallama. A kira yarinya a gaban kowa. In uwar ta dube ta ta ce mata tana sonta, ta zauna, to magana ta ƙare, ba za ta tafi da ita ba. Amma sai yarinya ta ji da kunnenta, don yarinya ta gaya mata ba ta taɓa ji ba.

A wajenta ta yi adalci ke nan. Ta zaɓi abu ɗaya tak da matar nan ba a koya mata ba tun tana goye, abin da aka tsawata mata a kai, aka yi mata dariya a kai, ta ce shi ne awo. Kuma a gaban wan miji.

Monica ta raka Asabe har bakin waya. "Asabe, kalma biyu ce fa. Ki rufe ido ki faɗa. Allah ba zai kama ki ba."

"Na sani, Malama."

"In kin kasa sunan, bar sunan. Ki ce ki zauna, ina sonki. Faɗa mini yanzu mu ji."

Asabe ta faɗa wa Monica, ya fita sumul. Ta faɗa wa tulu da ta je ɗiban ruwa. Da safe tana shara ta yi ta maimaitawa, kowane jan tsintsiya da faɗa ɗaya.

Da hantsi Maccido ya iso da babbar riga, da dattawa biyu na Rimawa, ɗaya cikinsu shi ya yanka ragon sunan Asabe kanta. Aka ba su kujeru a ofis. Asabe ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Aka kira Laraba. Ta shigo da sabon takalminta, ta gaida dattawa a tsaye, sannan ta tuna ta rusuna. Madam ta yi mata magana da Turanci. Yarinya ta juyo ta tsaya gaban uwarta, ta dube ta cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Asabe, kina so in zauna?"

Injin sanyi yana ta ƙara. Asabe ta buɗe baki. Maccido ya yi gyaran murya. Tsohon da ya yanka ragonta yana jan tasbaha, idonsa a kanta. Maganar da ta fita sumul gaban tulu ta ƙi fitowa. Zufa ta keto mata cikin sanyin nan. Ta juya fuska ga bango, ta ce da Monica:

"A ce mata damana ta kusa. Akwai aiki gida. Ni ɗai ba ni iyawa."

Duk Bahaushen da ke ɗakin ya san abin da ta faɗa. Tsohon ya daina jan tasbaha ya sunkuyar da kai. Maccido kansa ya kau da ido, don bai taɓa jin uwa ta roƙi ɗiyar fari haka a gaban maza ba. Iyakar abin da za ta iya ke nan, har ta wuce iyaka.

Madam ta tambayi abin da Asabe ta ce. Monica ta fara juyawa, tana ƙarawa da nata bayani, tana haɗa hannu. Laraba ta katse ta. Ta gaya wa Madam da Turanci cewa ba ta bukatar tafinta, ta ji da kunnenta: an ce akwai aiki a gida. Sannan ta dubi bayan kan uwarta ta ce da Hausa, "Na ji." Ta fita.

Monica ta bi ta da gudu har filin wasa, tana cewa ke wawuya, ba ki ji abin da ta ce ba? Yarinya ta ce ta ji sarai, mai aiki ake nema. Makarantar da ta koya mata sunayen kogunan duniya, da yaƙe-yaƙen sarakunan da suka mutu a ƙasashen da ba mu san su ba, ta shekara da shekaru da ita ba ta bar ta ta iya jin maganar uwarta ba.

Ranar tafiya Asabe ta soya ƙuli-ƙuli, ta ninke zanen aurenta da bai taɓa ganin wanki ba, ta ɗaure cikin ɗankwali ta ba Monica ta kai. Laraba ta karɓa ta yi wa Monica godiya. Motar ta tashi da safe zuwa Sakkwato. Asabe tana bayan tankin ruwa.

Da farko hotuna suna zuwa ta hannun Monica: ga Laraba cikin ƙatuwar riga a kan ƙanƙara, ga ta riƙe da kofin kyauta. Daga baya aka yi wa Monica canjin wurin aiki, hanya ta yanke. Aka kwance waya, aka sayar da kwanon gidajen. Asabe ta koma Rimawa, tana sayen kifi wajen masuntan dam tana soyawa, yaran maƙwabta suna kai mata talla. An nemi aurenta, ta ƙi. Maccido in an tambaye shi labarin likita sai ya ce tana nan zuwa, har ya mutu ba a yi masa allurar ba.

Asabe ta yi furfura, idonta ya fara hazo, sannan wata rana bayan azahar mota ta tsaya ƙofar gidan. Wata mata ta fito sanye da wando, ta yafa gyale a karkace, tana riƙe da hannun yaro ɗan kimanin shekara biyar. Kafin ta ƙetare zaure gida ya cika da mata. Ta tsaya tsakar gida ta dubi tsohuwar da ke gaban kasko.

"Ina wuni, Asabe."

Hausar ta yi nauyi a bakinta kamar ta aro. Asabe ta dubi ƙasa. "Lahiya lau. An zo lahiya?" Ta tura mata tabarma da ƙafa, ta ce da wata maƙwabciya a kawo wa baƙi ruwa. Kifi yana ƙonewa a kasko ba ta sani ba.

Sai yaron ya saki hannun uwarsa ya matso yana kallon kasko. Jika ba ɗa ba ne. Jika ba kunya tsakani, abokin wasa ne, miji ne na tsokana. Asabe ta wawure shi.

"Wanga na mijin nawa? Kai, mummuna! Ka zo wurin amarya hannu wohi, ko goro babu? Dubi hanci, na kakanai na sak!"

Ta ɗora shi a cinya, ta shinshina kansa, ta sumbaci tafin hannunsa, ta zare ƙaya daga kifi ta sa masa a baki. Ta tambayi sunansa. Uwar ta faɗi wani suna, mata suka gyara shi ya zama Yusha'u. Asabe ta yi ta kira, Yusha'u, Yusha'una, tana dariya hawaye yana bin kumatunta yana sauka a kan yaron. Abin da ta tara tun ranar da aka yanke cibiyar uwarsa, duk a kansa ta juye. Mata suna guɗa, wasu suna share ido, don sun san wa ake runguma.

Laraba tana tsaye, ba ta zauna a tabarmar ba. Ta daɗe tana kallo. Fuskarta ta canza, ta zama ta yarinyar nan mai kyautar lissafi a bakin kicin.

"Ashe kin iya," ta ce.

Guɗa ta tsaya. Wata tsohuwa ta ce, "Ke ɗiyar ga, jika na! Ba ki san jika ba? Ke aka yi ma wanga, ba shi ba!" Mata suka ɗauka gaba ɗaya, kowa na bayani, Sakkwatanci yana zuba da sauri, wanda ko rabinsa baƙuwar ba ta kama ba. Ta ɗaga hannu ta ce direba yana so su isa Sakkwato kafin duhu. Ta tambayi inda kabarin Inna yake, aka gaya mata cewa mata ba su shiga maƙabarta. Ta ajiye wata jaka ta atamfa a bakin tabarma, ta fita zaure tana kiran yaro.

Asabe ta riƙe shi. Ta kai bakinta kunnensa ta ce, "Ka hwaɗa ma uwarka ban taɓa kwana ban tuna ta ba. Ka ji? Ka hwaɗa mata." Yaro bai san Hausa ba. Ya ji numfashinta yana yi masa cakulkuli, ya ƙyalƙyale da dariya, ya zame ya bi uwarsa da gudu, da man kifi a bakinsa.

Asabe ba ta ga wata damanar ba. Zazzaɓi ne na kwana kaɗan. Aka aika mutum Sakkwato masaukin da direba ya ambata, suka ce baƙi da yawa suna sauka suna tashi, ba su san inda wannan ta nufa ba. Mata suka zauna zaman makoki a tsakar gidan, masu zuwa gaisuwa daga Tursa da Goronyo suna shigowa suna tambaya ina ɗiyar da za a yi wa ta'aziyya. Ba mai amsa. Sai su yi wa maƙwabta, su tashi.